Maɓallin Likita Nomau

Yau ma ya zo, Likita Nomau,
riga a ninke ƙarƙashin hammata,
ya tsaya bakin rumfata, bayan tashar Tawa,
ya ce maɓalli ne ya tsinke.
Maɓalli kam ya tsinke,
amma hira ce ta kawo shi.

Ɗan mai haƙar rijiya ne, daga wani ƙauye bayan Kalfu,
inda dutse ya fi ƙasa yawa,
gero na leƙowa da ƙyar kamar mai jin kunyar suruki.
Yana shekara bakwai ake ɗaura masa igiya a ƙugu,
a zura shi da ƙwarya
ya kwaso abin da dagin ubansa ya farfasa.
Can ya koyi aiki cikin duhu,
ya koyi cewa mai gaggawa shi bango ke ruftawa.
Ranar da aka zo rubuta yaran lakwal
uwarsa ta tura shi cikin rumbu.
Tari ya tona shi.
Har yau yana cewa ƙaiƙayi ne ya mai da shi likita.

Yamai ta ba shi takarda, bariki ya ba shi kaki.
Ni ban san da shi ba sai wani daren Talata,
can gabas, inda tafki ya ja baya ya bar mana ƙaya da sauro.
Motarmu ta taka abin da aka binne.
Ban ji ƙara ba. Ɗanɗanon ƙarfe na ji a baki.

Injin wuta ya mutu,
ya sa direba ya juyo fitilun mota cikin tanti,
ƙwari suna ta faɗowa a kan hannunsa.
Maganin barci saura kwalba ɗaya, mu uku ke kwance:
ni, da Saje Illo,
da wani yaro da aka kamo da bindiga,
wanda wataƙila shi ya yi binnen.
Ya raba kwalbar uku.
Na zage shi, na zagi uwar da ban sani ba.
Ya sunkuyo, ya saurari harshena, ya ce,
"Ashe Ba'adare ne.
Nawa buhun albasa ya kai bana?"
Ina lissafi yana yanka.
Kafin mu kai jaka goma sha biyar
ƙafata ta hagu ta riga ni tafiya.

Shi ya haƙa mata rami da hannunsa,
ɗan mai rijiya, bakin ramin a daidaice,
ya rufe da ƙaya saboda kuraye.

Saje Illo bai ga asuba ba.
Yaron ya rayu.
Shekara goma sha ɗaya ina juya wannan rabo,
bai taɓa fita daidai ba.
Shi ma bai taɓa ce mini ya fita ba.

Lambar girman da aka rataya masa
tana cikin gwangwanin tumatir, tare da tsofaffin makullai.
Yana da ƙaramin littafi kuma, mai baƙin bango.
Na zaci sunayen waɗanda ya ceta ne.
Da na leƙa, Illo ne na arba'in da shida.

Yanzu hannun nan na dama rawa yake,
shayi ba ya isa bakinsa cike.
Ya ɗauki allurata, ya lashi zare,
sau uku yana nufin kafar, sau uku tana kauce masa.
Ban ce komai ba. Na miƙa tafi.

Ɗinki ashirin da uku ya bar mini ƙasan gwiwa,
ina ƙirga su da yatsa in barci ya ƙi,
ko ɗaya bai taɓa warwarewa ba.
Nawa maɓallin, na ja zare sau takwas na ƙulle.

Ya ce nawa ne.
Na ce dala ashirin.
Ya ce goma sha biyar, tela, ka ji tsoron Allah.

Aka kira la'asar.
Ya miƙo mini sanda, ya fita gaba,
yana rage taku kamar tsufa ne ya kama shi,
don in cim masa kafin bakin masallaci.